Yadda ake zaɓa wa ƙaramin yaro wandon da zai sake a ciki

Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ba kasafai yake buɗe baki ya ce miki wando ya matse shi a hantsa ko roba tana cin ƙugunsa ba. Abin da za ki gani shi ne yana ta jan wandon ƙasa, yana tafiya a tattale, ko kuma da kin juya baya ya tuɓe ya yar a tsakar gida, a ce masa mai ƙiriniya. Sau da yawa laifin na wandon ne. Bayanin nan ya shafi yaro da yarinya duka, kuma ko da maigida za a aika kasuwa, in aka haɗa shi da awon da zan faɗa ba zai dawo da abin da za a ajiye a ƙasan akwati ba.

Kayan da za ki tanada

Tef ɗin awo irin na tela, mai inci a fuska ɗaya da santimita a ɗaya fuskar. Ki tabbatar kin san wacce fuska kike karantawa, domin telolinmu da inci suke aiki, kayan Turai da na Sin kuma da santimita ake rubuta su. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

In babu tef, igiya ko zare mai kauri wanda ba ya talewa ya isa. Za ki riƙa ƙulla masa ƙulli a kowane awo. Kada ki yi amfani da ƙyallen da yake miƙewa in an ja shi, zai ba ki awon ƙarya.

Takarda da biro, ko ki rubuta a waya.

Tsohon wandon yaron da ya fi so, wanda kin lura ba ya gardama in za a sa masa. Wannan ya fi kowane awo amfani, ko da ya ɗan gaza masa.

Don gyara a gida: allura da zare, almakashi, fil mai kulle babba, da roba mai faɗi wadda ake sayarwa a wajen masu kayan ɗinki.

1. Ki auna yaron, ba shekarunsa ba

Lokacin awo yana da muhimmanci. Ki auna shi bayan ya ci abinci ya ƙoshi, domin cikin ƙaramin yaro bayan tuwo yakan fito kamar tulu, kuma wandon da ya yi masa daidai da sassafe zai iya zame masa azaba da rana. In har yanzu yana sa famfas ko nafkin, a jikinsa za ki auna, ba tsirara ba. In yana fizge-fizge, a ba shi wani abu ya riƙe, ko yayarsa ta tsaya gabansa tana yi masa wasa. In duk ya ƙi, ki bari sai ya yi barci, ki zura tef ta ƙarƙashinsa a hankali.

Awo biyar kike buƙata.

Na farko ƙugu. Ki duba inda yaron yake barin wandonsa ya zauna da kansa. Mafi yawan yara ƙasa da cibiya suke tura shi, ƙarƙashin tumbi. Nan za ki zagaya da tef, ki sa yatsarki ɗaya tsakanin tef da fata don kada ki matse.

Na biyu mazauni, wato wurin da ya fi faɗi, tare da famfas ɗin in akwai.

Na uku hantsa. Ki ɗora bakin tef a ƙugu ta gaba, ki bi da shi ta tsakanin ƙafafu, ki ɗago shi zuwa ƙugu ta baya. Wannan awon mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba wandon da yaro zai wuni a ciki da wanda zai tuɓe kafin azahar.

Na huɗu tsawo, daga ƙugu ta gefe zuwa idon sawu.

Na biyar tsayin yaron gaba ɗaya. Ki jingina shi da bango ba takalmi, ki ɗora littafi a kansa, ki yi alama, ki auna daga ƙasa da santimita. Za ki ga amfaninsa a mataki na gaba.

In da igiya kike aiki, ki yi igiya daban don ƙugu, daban don mazauni, daban don tsawo, daban don hantsa, ko ki ɗaura wa kowace wani ɗan ƙyalle mai launi don kada su rikice miki a kasuwa. Wasu suna naɗa ƙugun wando a wuyan yaro wai in ya zagaye to zai shige shi. Wannan dabarar ko ga manya ba kullum take ci ba, balle yaro mai siririn wuya da ƙaton ciki. Ki bar ta.

Awon ba ya daɗewa. Bayan wata uku ko huɗu ki sake.

2. Ki fahimci lambar da ke jikin wando

Kayan yara da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasashe daban-daban suke, kuma kowa da yadda yake rubuta saiz. In kin ga 2T, 3T ko 4T, tsarin Amurka ne, kuma ana yanka su da ɗan wuri a mazauni saboda famfas. Don haka 4T da 4 zalla ba lallai su zo ɗaya ba, na biyun yakan fi tsawo da ƙarancin wuri a baya. Kayan Ingila kan zo da shekaru, kamar 2-3 ko 3-4. Na sauran Turai da tsayin yaro suke tafiya: 86, 92, 98, 104, 110, 116. A ƙiyasi 92 na ɗan shekara biyu ne, 98 na ɗan uku, 104 na ɗan huɗu, 110 na ɗan biyar. Na Sin ma sau da yawa tsayi ne, 90, 100, 110, amma sukan zo a ɗan tsuke, gara ki ɗauki na gaba.

Duk wannan jagora ne kawai don kada ki tsaya ɗaga wandon ɗan shekara bakwai. Hukuncin yana wajen tef. Ki shimfiɗa wandon a kan benci, ki auna faɗin ƙugun daga gefe zuwa gefe ba tare da kin ja ba, ki ninka biyu. Adadin ya kamata ya gaza awon ƙugun yaro da inci ɗaya, iyaka biyu. Sannan ki ja robar iya ƙarfinta ki sake aunawa ki ninka: dole ya wuce awon mazauni, in ba haka ba wandon ba zai hau ba sai da kokawa.

Akwai abu ɗaya game da girman yara da in kin riƙe shi za ki huta da asara. Tsakanin shekara biyu da biyar yaro yana ƙara tsayi da kusan santimita 6 zuwa 8 duk shekara, amma ƙugunsa a duk tsawon waɗannan shekarun da kyar yake ƙara inci biyu zuwa uku. Ma'ana, wando ta ƙafa yake gaza wa yaro, ba ta ƙugu ba. Iyaye da yawa sukan sayi babba gaba ɗaya wai ya girma da shi, sai a samu wando yana zamewa, yaro yana gudu hannu ɗaya riƙe da ƙugu. Abin da za ki nema shi ne ƙugu daidai da yau, ƙafa kuma da ragowar tsawo na gobe.

3. Yadi

Hannunki ya fi idonki gani a nan. Ki juya wandon ki goga cikinsa a bayan hannunki ko a wuyanki. In ya yi miki kaushi, a cinyar yaro ya fi haka. Ki damƙe yadin a tafin hannu ki saki: auduga takan yamutse ta bar layi, mai leda kuma yakan koma sumul kamar ba a taɓa shi ba. Ki kara shi a bakinki ki hura, in iska tana wucewa cikin sauƙi, zai sha iska a jikin yaro.

In yadi za ki saya a yanka, ki nemi ɗan zare daga bakinsa ki kai gida ki ƙona da ashana a wurin da yara ba sa kusa. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai leda yana narkewa ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri. Wannan ba batun zafi kaɗai ba ne: a gidan da ake girki da itace ko gawayi a tsakar gida, yadin da ke narkewa ya manne a fata in tartsatsi ya same shi ba abin sa wa mai rarrafe ba ne.

A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, auduga mara nauyi ita ce magana. Irin yadin rigar shan iska mai ɗan talewa ya fi komai daɗi ga mai koyon tafiya. Yadi mai leda yana riƙe gumi a matsematsi da bayan gwiwa, nan ne ƙurajen zafi suke fara fitowa. Da hunturu kuwa, wando mai gashi-gashi a ciki yana da kyau da safe da dare, amma ki tuna rana takan buɗe, yaron da aka naɗe da asuba zai jiƙe da gumi kafin sha biyu. Siririn wando a ciki da wani a sama ya fi guda ɗaya mai kauri, don ana iya cire ɗaya. Da damina ki nemi wanda yake bushewa da wuri, domin jins mai kauri kan kwana biyu a igiya bai bushe ba, yaro kuma a rana yakan ɓata uku.

Jins dai ni ban cika son sa wa yaron da bai kai shekara uku ba, sai in mai laushi ne mai talewa da roba a ƙugu. Yana yin kyau a hoto, ba musu, amma ki lura da yaron da aka sa wa jins mai tauri yana son hawa dakali. Shadda ma haka take in ta sha sitati da bugu. In za a yi masa kayan sallah iri ɗaya da na babansa, a wanke nasa a rage masa ƙarfi, ko a ce wa mai wanki kada ya sa wa wandon sitati ko da ya sa wa rigar.

4. Ƙugu: roba, zariya ko zif

Ga yaron da bai kai shekara biyar ba, roba ce kan gaba, amma ba kowace roba ba. Siririyar roba mai kama da igiya tana nutsewa cikin fata ta bar shati. Ki nemi mai faɗin kusan inci ɗaya, wadda take a cikin ƙubaka yadi ya lulluɓe ta, ba wadda aka bari a fili tana gogar ciki ba. Ki bi ta da yatsa ki ji ko ta murɗe a ciki. Masu kyau akan bi ta kansu da ɗinki don kada su naɗe. Ki ja ta ki saki sau uku: in ta koma da sauri tana da rai, in ta koma a sanyaye ko kin ji tana ƙaras-ƙaras a ciki, ta mutu. Wannan ya fi yawa a kayan gwanjo da kayan da suka daɗe a shago cikin zafi.

Akwai wanduna masu roba mai ramuka a ciki da ɗan maɓalli a kowane gefe, ana ja a rage ƙugu ko a saki. Ga yaro siriri mai tsawo babu kamar su. Aibinsu ɗaya, maɓallin yakan danne ƙashin ƙugu. In kin saya, ki tura ragowar robar cikin raminta, ko ki sa wa yaron singileti a yi masa zanzaro da ita.

Zariya irin ta wandon kaftani tana da daɗi ga babba domin shi yake ɗaurewa yadda yake so. Ga ƙaramin yaro matsala ce. In an ɗaure da ƙarfi ta ci cikinsa, in an sassauta wando ya faɗi, in fitsari ya matse shi kuma ya ja bakin da ba shi ba ta ƙulle tamau, sai dai a ji kuka a bayi. Ki ce wa tela ya sa roba a wandon kaftanin. In ana son kamannin zariyar, a ɗinka 'yar gajeriya a gaba don ado kawai. In kuma dole sai ta gaske, a kafe ta da ɗinki a tsakiyar baya don kada ta zare, a kuma rage tsawonta yadda ba za ta reto ta maƙale a wani abu ba.

Zif da ƙugiya da bel, ki bar su sai ya girma. Yaron da ke koyon zama a fo daƙiƙu kaɗan gare shi tsakanin ya ji da ya yi, duk abin da zai tsayar da shi neman babba ya buɗe masa koma baya ne. Ga yaro namiji kuma akwai haɗarin zif ya kama masa fata, abin da yake kai yara asibiti. In wandon makaranta ne ya zo da zif, ki tabbatar akwai ƙyalle a bayansa ta ciki, kuma kada ya sa shi ba kamfai. Yaron da aka yi wa kaciya kuwa, har ya warke ba ruwansa da wando mai kama jiki, doguwar riga ko wando mai yalwa sosai ya ishe shi.

5. Gwajin tsuguno

In kin je da yaron, ko kin kawo wandon gida, kada ki tsayar da shi ƙiƙam ki ce ya yi. Yaranmu a ƙasa suke rayuwa: a tsugune suke wasa da ƙasa, a tabarma suke cin abinci, a Islamiyya su tanƙwashe ƙafa na awa biyu, bayan gida ma tsuguno ne. Wandon da aka yanka don yaro mai zama a kujera zai iya yin kyau a tsaye ya kasa a nan.

Ki jefa wani abu ƙasa ki ce ya ɗauko miki. Yana tsugunawa ki zagaya bayansa. In wandon ya sauka har famfas ko tsagar mazauni ta fito, bayansa ya yi gajere. Wando mai kyau bayansa ya fi gabansa tsawo da inci ɗaya ko fiye, za ki gane haka tun a kasuwa in kin shimfiɗa shi kin ga ƙugun baya ya leƙo sama da na gaba. Sannan ki duba gwiwa da cinya, ki kama yadin da yatsu biyu. In ba abin da za ki iya tsunkula, ya matse.

Ki zaunar da shi ya tanƙwashe ƙafa. Ki zura yatsu biyu a ƙugun ta gaba, su shiga ba tare da kin tura da ƙarfi ba. Ki ce ya ɗaga ƙafa ɗaya ya taka kujera ko dakali. In hantsar ta yi ƙasa da yawa za ta riƙe masa ƙafa, in ta yi sama da yawa za ta shige masa. Tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin hantsar wando da jikinsa ta wadatar.

Gwaji na ƙarshe, in ya kai shekara biyu da rabi zuwa uku: ki ce ya sauke wandon da kansa ya mayar. In ya iya, kin samu.

Bayan ya yi rabin awa a ciki ki ɗaga rigarsa. Ɗan shati mara launi da ke ɓacewa nan da nan ba komai ba ne. Shati mai zurfi da ja, ko wanda yake sosawa, yana nufin a saki robar.

In ba ki je da shi ba, tsohon wandon nan ne zai tsaya a madadinsa. Ki ɗora shi a kan sabon, hantsa a kan hantsa, ki ga bambancin.

6. Ƙafa

Tsawo ya tsaya a idon sawu. Wandon da ke jan ƙasa yana kayar da mai koyon tafiya, ya kwashi ruwan tsakar gida da na bayi. Mai roba ko ƙyalle mai talewa a bakin ƙafa yana da riba biyu: ko ya yi tsawo ba ya sauka ƙarƙashin diddige, kuma yakan kai shekara ana sawa. Sai dai ki sa yatsa ki ji bai shaƙe ƙafar ba. Wando fensir mai tsukakken baki wahala ne wajen cirewa, musamman in yaro ya ɓata jikinsa. Ga mai rarrafe dogon wando ya fi, saboda gwiwa.

7. Ki juya cikinsa waje

Abin da ke taɓa fatar yaro a ciki yake, masu sayarwa kuma waje suke nuna miki. Ki bi ɗinkin hantsa da na cinya da yatsa. In ya yi tudu da kauri, ko an yi shi da zare mai kama da na kamun kifi, zai goge masa cinya. Lebul ɗin da ke bayan ƙugu yakan sa ƙaiƙayi. Kada ki yanke shi da almakashi ki bar guntu, guntun ya fi cizo. Ki warware zaren ki cire shi gaba ɗaya, amma sai kin tabbatar ba za ki mayar da wandon ba.

Ki duba bayan duk wani ado, kamar zanen da aka yi da zare a gwiwa ko ƙarfen da aka buga a bakin aljihu. Duwatsu da ƙananan maɓallai da ake mannawa a wandunan 'yan mata, ki ja su da farce. Abin da ya ɓalle a hannunki, a bakin yarinya zai ƙare.

8. Sabo, gwanjo ko ɗinki

Sabo a shago yana da sauƙi in kin riƙe awo. Kafin ki miƙa kuɗi ki yi magana a fili: “Alhaji, in bai yi masa ba zan dawo da shi gobe a canza min.” Yawancin 'yan kasuwa za su ce ba damuwa, in dai ba a wanke ba kuma ba a cire lebul ba. In ya ce ba ya canji, ki auna sau biyu. Masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram kuma, kada ki tsaya a “na ɗan shekara uku ne”. Ki ce, “Hajiya, don Allah ki ɗora masa tef a ƙugu da tsawo ki turo min hoto.” Mai kaya na gaskiya ba ta jin haushin wannan.

Gwanjo, in kin iya zaɓe, nan ake samun audugar da ta riga ta yi laushi kuma ta gama shan ruwan da za ta sha, ba za ta ƙara tsukewa ba. A Kano akwai Ƙofar Wambai, a Kaduna akwai Kasuwar Barci, kuma kusan kowane gari yana da layin masu gwanjonsa. Ki tambayi mai kaya ranar da yake fasa dila ki je da wuri. Ki ɗaga wandon ki kalli rana ta cikinsa a gwiwa da mazauni, in haske yana ratsowa sosai yadin ya ci, ba zai yi wata biyu ba. Mutuwar roba ba ta hana saye in yadin yana da kyau, canza ta aikin minti ashirin ne, sai dai ki nemi ragi a kai.

Ɗinki shi ne mafita ga yaron da jikinsa bai bi saiz ɗin kasuwa ba, mai ƙiba gajere ko dogo siriri. Yadi ɗaya yana isar wandon yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu, sau da yawa ma ragowar ɗinkin babansa ko atamfarki ta wadatar. Ki wanke yadin ki shanya kafin ki kai, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, in an ɗinka kafin a wanke wandon zai ɗage. Ki kai tsohon wandon tare da awon, ki faɗa wa tela abu huɗu: ya ƙara inci uku zuwa huɗu a kan awon mazauni tunda yadin ba ya talewa, ya ɗaga baya ya fi gaba, ya sa roba mai faɗi ya bar 'yar ƙofa a ƙubaka yadda za a iya canzawa, ya kuma yi kalmasar ƙafa mai zurfi, inci biyu, wadda za ki saki in yaro ya ƙara tsawo. Ki roƙe shi ya bi bakin yadin ta ciki da keken wibin don kada ya riƙa zarewa. Teloli da yawa sun saba da yankan manya, sai su rage komai daidai wa daida, su manta yaro ciki gare shi ba ƙugu ba. Shi ya sa zuwa da yaron ya fi aike. Kayan sallah kuma a kai tun kafin azumi ya kama, ɗinkin daren sallah ba a samun damar gyara shi.

9. Wanki kafin sawa

Sabo ko gwanjo, kada ya taɓa jikin yaro sai an wanke. Sabon kaya yana zuwa da sinadarin masana'anta da ƙurar shago, gwanjo kuma da warin maganin da ake fesa masa. Ki jiƙa na gwanjo a ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, domin ragowar garin sabulu a ƙubaka yana sa ƙaiƙayi. Mai launi mai duhu ki wanke shi shi kaɗai a karon farko ki ga ko yana zuba.

A igiya za ki shanya, cikin rana, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari da kuma kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta yi ƙurji kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan, don haka ki goge wandon ciki da waje, musamman da damina. Kan robar ne kawai ba za ki daɗe da dutsen guga ba, zafi yana kashe ta.

10. In an riga an saya bai yi ba

In ƙugu ya yi yawa ko ya matse, robar za ki canza. Ki warware ɗinkin ƙubaka ta ciki kamar inci ɗaya da rabi, a baya ko a gefe. Ki jawo tsohuwar ki yanke ki zare. Ki yanki sabuwa daidai da awon ƙugun yaro ki rage inci ɗaya. Ki soka babban fil a baki ɗaya, ɗaya bakin kuma ki kafe shi da wani fil a jikin wandon don kada ya shige ciki ya ɓace miki. Ki riƙa tura fil ɗin kina tattaro yadin har ya fito ta inda ya shiga. Ki bi da yatsa ki tabbatar ba ta murɗe ba. Kafin ki ɗinke, ki haɗa bakunan biyu da fil ki gwada wa yaron, ya tsuguna ya tashi. In ya yi, ki ɗora baki a kan baki kamar rabin inci, ki ɗinke da kyau kina kai da komowa, sannan ki rufe ƙofar. Kada ki ƙulla robar ƙulli, ƙullin zai riƙa danna masa baya in ya kwanta.

In robar a ɗinke take da yadin ba ta zaruwa, kuma wandon ya yi yawa, ki kama ƙugun a gefe biyu ki ɗan naɗe rabin inci kowane gefe ki ɗinke da hannu ta waje, yadda tudun ba zai taɓa fata ba. In ya girma sai ki warware. Kada ki bar fil a jikin wandon yaro a madadin ɗinki, yana buɗewa.

In tsawo ya yi yawa, ki kalmashe ta ciki ki ɗinke da manyan taku masu sauƙin warwarewa, kada ki yanke. In ya gaza a tsawo amma ƙugu da hantsa suna nan daidai, ki yanke shi a gwiwa ya koma gajeren wando na zaman gida, ko tela ya ƙara masa wani yadi a bakin ƙafa. In hantsa ce ta matse, tela zai iya buɗe ɗinkin ya sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, irin wanda ake sa wa wandunan gargajiya, in akwai yadin da ya dace. In babu, ko kuma cinyar ce gaba ɗaya ta tsuke, kada ki ɓata kuɗin gyara, ki wanke ki ajiye wa ƙaninsa ko ki ba maƙwabta masu ƙaramin yaro.